Shatin Hannu a Jikin Jan Tulu

Akwai wani mutum, magini ne, yana zaune a wani gari tare da iyalinsa. Allah ya ba shi ƙarfi, ya kuma ba shi zuciya mai kyau, amma wajen tambaya kam ba a ba shi da yawa ba. Buhun siminti yakan sure shi ya aza a kafaɗa, hirar da yake yi ko tsinkewa ba ta yi. Saboda haka ya tashi da wani ra'ayi wanda ba mai iya raba shi da shi: a wurinsa, abin da ba shi da nauyi ba shi da ƙarko. In zai sayi ƙofa sai ya ɗaga ta ya ji. In zai sayi kujera sai ya zaɓi wadda za ta sa masu dako nishi. Akwai wata Kirsimeti da ya saya wa matarsa takalmi, ta sa shi zuwa sujada sau ɗaya, ta dawo ta yi masa godiya ƙwarai. Daga ranar takalmin ya zama abin tokare ƙofar ɗaki.

Sunan matar Briskila, malamar makaranta ce. Da safe take fita tare da 'yarsu Afiniki, sai rana ta karkata su dawo. Da mahaifin mutumin ya rasu a ƙauye, sai ya je ya ɗauko mahaifiyarsa ya kawo ta gidansa, ya ce wahalarta ta ƙare. Kowa a gidan Inna yake ce mata.

To, shi ne ɗan farinta, ita kuwa tsohuwa ce mai riƙon al'ada. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama su yi doguwar hira, ba ta kallonsa ido cikin ido. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, duk wanda ya ga yadda take ajiye masa tsokar da ta fi kyau a gefen kwano ya san inda zuciyarta take. In tana da magana da shi, ko da yana tsaye a gabanta, sai ta juya wajen surukarta ta ce, "Ki gaya wa Baban Afiniki kaza da kaza." Briskila kuma ta juya ta maimaita masa abin da ya riga ya ji da kunnensa. Haka suke zaune, lafiya lau.

Ya ce wa Inna ta huta, amma hutu ba ya cikin abubuwan da ta iya. Kafin a ankara ta karɓe girkin rana, ta karɓe suyar ƙosai, wanda ko a ƙauye an san hannunta a kai. Sai dai girkin ƙauye daban, na gari daban. Can a ƙauye murhunta a tsakar gida yake, sararin Allah a bisa kanta, ƙasa a ƙarƙashin ƙafarta. Nan kuwa kicin ne a cikin gida, da murhun gas, da silin, da daɓen tayil mai santsi. Mutumin nan shi ya gina kicin ɗin da hannunsa, shi ya jera tayil ɗin, yana kuma alfahari da shi. Amma tun ranar da ya kwashe kayan aikinsa daga ciki, iyakarsa bakin ƙofa. Yakan kawo cefane ya miƙa, ya juya. Haka ya ga ubansa yana yi, bai kuma taɓa jin an ce laifi ne ba.

Ana nan sai gobara ta tashi a wani gida a unguwarsu, daga kicin ta faro. Ba wanda ya rasa ransa, amma rabin gidan ya tafi. Mutumin yana cikin waɗanda suka yi ta fitar da kaya, ya dawo gida rigarsa tana warin hayaƙi, zuciyarsa cike da tsoro. Abu ɗaya yake gani a ransa: mahaifiyarsa ita kaɗai a gida da rana, da kasko cike da mai.

Ya kira matarsa gefe ya ce, "Daga yau Inna ta bar girki."

Briskila ta ce, "Maigida, ranar da ka raba Inna da kasko, washegari za ka tarar da ƙunshin kayanta a bakin ƙofa. Za ta koma ƙauye ta zauna ita kaɗai a gidan da rufinsa ke yoyo. Ka san halinta."

Ya sani kuwa. In ya bar ta da wuta yana tsoron ya rasa ta, in ya hana ta wuta zai rasa ta ta wata hanyar. Can ya ce, "To, zan sayo abin kashe gobara. Wanda ya fi kowanne."

Washegari ya nufi kasuwa, ya shiga shagon wani dattijo mai sayar da irin waɗannan kaya. Ga jajayen tuluna na ƙarfe a jere, daga ƙanana kamar gorar ruwa har zuwa waɗanda suka kai masa ƙugu. Bai ko dubi ƙananan ba. Ya wuce kai tsaye wajen babban cikinsu, ya kama shi ya ɗaga, ya ji jijiyar hannunsa ta miƙe. Nan take ransa ya kwanta, ya ce wannan shi ne kaya.

Mai shagon ya ce, "Wannan mai kyau ne, ba shakka. A ina za ka ajiye shi?"

"A kicin ɗin gidana."

"Wa yake girki a gidan?"

Mutumin ya ɓata fuska. Ya ce, "Baba, kaya na zo saya, ba labarin matan gidana na zo bayarwa ba."

Dattijon ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri." Aka yi ciniki aka gama. Har mutumin ya saɓa tulun a kafaɗa, sai mai shagon ya miƙo masa wata 'yar jaka mai faɗi, mara nauyi, da igiyoyi biyu suna leƙowa ta ƙasa. Ya ce, "Ga gyara. Bargo ne a ciki wanda wuta ba ta cinsa. A rataye shi kusa da ƙofa. In mai ya kama a kasko, a ja igiyoyin nan, a kashe murhu, a lulluɓe kaskon a bar shi."

Mutumin ya karɓa da yatsa biyu, ya ji kamar bai riƙe kome ba. Ba don gyara ba a mayar da ita ba, da ya bar masa abinsa. Ya cusa jakar cikin ledar cefane tare da tattasai da albasa. Sa'an nan ya ratsa unguwa da jan tulu a kafaɗa, ana yi masa sannu da kaya, yana amsawa da murmushi. A gaskiya ranar ya ji daɗin kansa.

Da ya isa gida ya shiga kicin ya dire tulun dab da murhu, domin a lissafinsa inda wuta take nan ya kamata maganinta ya zauna. Ya koma bakin ƙofa ya yi bayani da babbar murya: a zare wannan ƙarfen, a ɗaga tulun, a nufi gindin wutar, a matse. Inna tana zaune a kan 'yar kujerarta tana gyaran wake. Ta dubi tulun daga ƙasa har sama, ta ɗan jima tana dubansa. Sa'an nan ta juya wajen Briskila ta ce, "Ki ce wa Baban Afiniki an gode. Allah ya ƙara buɗi."

Tana zazzage cefane sai ga jakar ta faɗo. Ta tambayi surukarta ko mene ne wannan. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Gyara ce. Wai in kasko ya kama a rufe shi da shi. Ku yi abin da kuka ga dama da shi." Ya tafi abinsa. Daga ranar ya daina tunanin gobara, ya ɗauka ya gama da wannan magana.

Kwanaki suka wuce. Lokacin godiyar kaka ya matso, matan zumunta suna shirin abin da za a ci bayan sujada, Inna kuwa ta ce ƙosai nata ne, kada wadda ta sa mata hannu. Ran nan da hantsi mutumin yana bisa wani gini yana ɗora bulo, sai ga maƙwabcinsa a kan babur. Ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai ya ce, "Sauko mu tafi. An ga hayaƙi a gidanka."

Bai san yadda ya sauko ba. Duk tsawon hanya bai iya haɗa addu'a mai kai da gindi ba, abin da yake ta maimaitawa kawai shi ne, "Ya Ubangiji, Inna." Da suka shiga layinsu ya hangi mutane a ƙofar gidansa, sai ya kasa kunne yana jiran kukan mata. Bai ji ba. Abin da ya ji shi ne surutu, har da wata mai dariya. Ya ɗaga ido, rufin gidansa yana nan yadda ya bar shi.

Ya kutsa ciki. Ga Inna zaune a kan tabarma a inuwar mangwaro, ɗankwalinta ya ɗan karkace. Briskila, wadda aka riga aka kira daga makaranta, tana durƙushe a gefenta, ta tsoma mata hannun dama cikin daro na ruwan sanyi. Wajen gwiwar hannun ya yi ja, bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ban da wannan, tsohuwa tana nan garau, har tana yi wa wata maƙwabciya faɗa a kan ta bar ƙullunta a rana.

Mutumin nan da buhun siminti bai taɓa durƙusar da shi ba, sai ga shi zaune a ƙasa a bakin tabarma, yana numfashi kamar wanda ya yi gudun tsere. Wani sanyi ya ratsa zuciyarsa, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ce, "Godiya ga Allah. Godiya ga Allah." Ya faɗa ya sake faɗa, hawaye suna zubo masa, bai damu da wanda ke kallo ba.

Da hankalinsa ya dawo, sai halinsa ma ya dawo tare da shi. Ya share fuska, ya dubi maƙwabta ya ce, "Kun gani? Shi ya sa na ce a ba ni babban. Da ƙaramin nan na sayo, da yanzu wani labarin ake yi."

Briskila ta sunkuyar da kai tana ƙara ruwa a daro. Inna ta dubi ganyen mangwaro kamar yau ta fara ganinsa. Shirun ya yi masa yawa, sai ya tashi ya nufi kicin.

Wannan karon bai tsaya a bakin ƙofa ba. Bangon bayan murhu ya yi baƙi, silin ya yi tabon hayaƙi, ɗakin yana warin ƙonannen mai. A kan murhu ga kasko lulluɓe da wani farin bargo wanda tsakiyarsa ta yi duhu, amma bai ɓule ba. Kusa da ƙofa, a jikin ƙusar da ake rataye matankaɗi, ga 'yar jakar nan ta gyara a rataye, ba kome a cikinta.

Jan tulunsa kuwa yana nan tsaye inda ya dire shi, ƙarfen bakinsa ko motsi bai yi ba. Ya matsa kusa, sai ya ga wani abu fari a jikinsa. Shatin hannu ne na ƙullun wake, ya bushe a kan jan fenti. Ga shi a marikin tulun, ga shi a wuyansa, ga shi can ƙasa a ɓangarori biyu, inda mutum zai kama in ya rungumi abu yana neman ɗaga shi da dukan ƙarfinsa. Yatsun ƙanana ne, sun ja sun zame. Ya san hannun. Shi ne hannun da ya goya shi.

Yana tsaye a wurin sai ya jiyo muryar Inna ta taga. Da Briskila take magana, amma ta ɗan ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce, "Na ɗora mai ke nan sai maƙwabciyarmu Maman Dogara ta yi sallama. Na fita, muka tsaya gaisuwa, ta tambayi mutanen ƙauye ɗaya bayan ɗaya. Ni na manta. Wutar itace in kin ba ta baya takan lafa ta jira ki, wannan kuwa ba ta san gajiya ba. Ina dawowa na tarar kasko ya kama. Na sunkuya in ɗebi ƙasa in watsa yadda na saba, sai farcena ya daki tayil. Na nemi murfi, kaskon ƙosai ina ya ga murfi. Ga ruwa a bokiti, amma tun ina yarinya na san ba a ba wutar mai ruwa."

Briskila ta ce, "Sai kika je wajen tulun."

"Na je. Kaya ne mai kyau, Baban Afiniki bai yi ƙyashi ba. Ni ce ba ni da ƙarfi. Na kama shi ya ƙi, na rungume shi ya ƙi, a nan ne wutar ta lashe ni. Sai na tuna da gyarar nan. Dā ma ranar da aka kawo bargon na kara gefensa a wuta in ga ko gaskiya ne, na ga bai ci ba. Na murɗe murhu, na ja igiya, na naɗe hannuna a bakinsa, na shimfiɗa shi a kan kaskon a hankali. Na fito na ja ƙofa. Shi ke nan."

Sa'an nan ta ce, "Na san abin da zai ce yanzu. Ki gaya masa kada ya wahalar da bakinsa. A nema mini mota ran kasuwa."

Mutumin ya daɗe a cikin kicin ɗin. Murna tana nan a zuciyarsa, domin uwarsa tana da rai, amma kunya ta zo ta zauna kusa da ita. Ya sayi tulun nan da ƙauna, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai da hannunsa ya auna shi, alhali ba hannunsa ne zai ɗauka ba. An ma tambaye shi, ya ji haushin tambayar. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda tsohuwa ta ɗora laifin a kan rashin ƙarfinta don kada a ga gazawar ɗanta.

Ya jawo 'yar kujerar da take zama a kai, ya zauna a gaban murhu. Daga nan ya ga ɗakin yadda take ganinsa. Ya ga cewa mai neman tulun dole ya kai hannu ta gefen kasko. Ya ga ƙofa tana bayansa, ya ga ƙusar da ta zaɓa tana daidai inda hannun mai gudu zai kai. Shi ya gina ɗakin, amma sai ran nan ya san shi.

Ya fito ya durƙusa a bakin tabarma. Bai bi ta wajen Briskila ba, ya ce, "Inna, ba zancen mota. Ba kuma wanda zai raba ki da kaskonki. Ni na yi kuskure, ki gafarce ni. In hannunki ya warke, ina roƙo ki raka ni kasuwa."

Inna ta juya wajen surukarta ta ce, "Ki ce masa me zan yi a kasuwa?" Amma duk wanda ke wurin ya ga kafaɗunta sun sauka.

Da hannun ya warke suka tafi, shi da ita da Briskila. Mai shagon ya gane shi, ya yi masa maraba, ya ce, "Me za a ba ka yau?"

Mutumin ya ce, "Baba, rannan ka tambaye ni wa yake girki a gidana. Ga ta nan. Tambaye ta."

Aka ba Inna kujera. Aka riƙa kawo mata tuluna tana ɗagawa, shi kuwa ya koma gefe ya harɗe hannuwansa a baya don kada su yi masa shisshigi. Wannan ta ce ya yi nauyi, wancan ta ce marikinsa ya fi ƙarfin yatsunta. A ƙarshe ta tsaya a kan wani ƙarami wanda take iya ɗagawa da hannu ɗaya, ta zare ƙarfen bakinsa da ɗayan. Mai shagon ya ce irinsa ne aka yi domin wutar girki, ya nuna mata yadda za ta tsaya nesa kaɗan, ƙofa tana bayanta, ya kuma ce in wuta ta bar kasko ta kama ɗaki kada ta tsaya jayayya da ita, ta fita ta kira mutane. Ta sa ya maimaita har ya zauna mata. Ta ce a ba ta sabon bargo. Daga nan ta ja su wajen maƙera aka auna wa kaskonta murfi, ta kuma ce a cika mata bokiti da yashi a ajiye a bakin ƙofa, tun da mai ginin ya ga dama ya rufe mata ƙasa da tayil. Amma tun kafin su bar shagon tuluna, sai da ta dubi dattijon ta ce, "To, ina gyarata?" Ya yi dariya ya ba ta ƙugiyar rataye tulun.

Babban jan tulun ba a yar da shi ba. Mutumin ya kai shi zaure kusa da injin wuta, inda in wani abu ya faru shi ne zai ɗauka. Amma bai wanke shatin hannun ba, ya kuma hana kowa wankewa.

Ranar da Inna ta sake ɗora kasko, yana gida. Ya shiga kicin ya tsaya a gefe, ba ya yin kome, yana kallo kawai. Da ƙosan farko ya yi ja, ta tsame shi da matsami, ta ɗan jira ya huce. Briskila tana nan tsaye kusa da ita. Amma tsohuwa ba ta juya wajenta ba. Ta miƙa masa da hannunta, idonta a kan kasko, ta ce, "Ungo. Ka ji ko gishiri ya ji."

Ma'anar wannan misali ita ce: maginin nan mu ne, duk lokacin da muke ƙaunar wani amma ba mu tsaya mun dube shi ba. Kicin shi ne wurin da ɗan'uwanka yake tsayawa kowace rana da abin da ke ƙona shi, ko ciwo ne, ko gwauranci, ko rashin aiki, ko jarabar da yake kokawa da ita. Jan tulu shi ne taimakon da muke aunawa da ƙarfinmu, mu dire shi, mu koma bakin ƙofa muna bayani.

Muna yin wannan fiye da yadda muke zato. Mutum ya tuba jiya, yau mun jibga masa dokokin da mu kanmu sai da muka yi shekaru kafin muka iya ɗauka. Mace ta binne mijinta, mun kai mata dogon wa'azi, alhali abin da take bukata shi ne wadda za ta zauna kusa da ita ta tsince mata shinkafa. Uba ya biya kuɗin makaranta mai tsada, bai taɓa tambayar ɗansa abin da ke ba shi tsoro a can ba. Duk waɗannan kaya ne masu kyau, ba a yi ƙyashi ba. Amma in wuta ta tashi, mai rauni zai rungume su ya kasa ɗagawa, sa'an nan ya ce laifinsa ne. Mu kuwa muna waje muna gaya wa maƙwabta irin ƙoƙarin da muka yi.

Kada mata su yi saurin murmushi suna duban mazajensu, domin akwai rabon kowa a nan. Briskila ta ga girman tulun nan tun ranar farko, ta ga mijinta yana murna, ta yi shiru. Inna ma ta san ba za ta iya ba, ta ce an gode. Kunya abu ne mai kyau, ladabi ma haka, amma ranar da kunya ta hana ka cewa "ba zan iya ba," ta bar ka kai kaɗai a gaban wuta. In an ba ka abin da ya fi ƙarfinka, ka yi godiya, sa'an nan ka faɗi gaskiya.

Ga kuma inda hutawarmu take. Ubangiji bai yi da mu yadda maginin nan ya yi da fari ba. Shi ya gina wannan duniya, amma bai tsaya a bakin ƙofa yana jefo mana umarni ba. A cikin Almasihu ya shigo, ya zauna a kan 'yar kujerarmu, ya ga ɗakin yadda muke ganinsa, ya ji zafin da muke ji. Ya san iyakar ƙarfin hannunmu. Shi ya sa ceton da ya ba mu kyauta ne, kuma ba shi da nauyin da zai gagari tsohuwa ko yaro. Mutane da yawa sun raina shi saboda sauƙinsa, kamar yadda aka raina bargon nan. Wanda ya rataye shi kusa, ya kuma gwada shi tun kafin ranar wahala, shi ne zai fito ya zauna a inuwa yana ba da labari.

Saboda haka in an tashi daga sujada yau, kowa ya fara da kicin ɗin gidansa na ainihi. Ka shiga, ka tambayi mai girki abin da za ta iya ɗauka, ka ajiye mata shi kusa da ƙofa. Bayan haka ka tuna da wani mutum ɗaya da ka taɓa yi wa babban alheri, ka je wurinsa, ka zauna ƙasa-ƙasa, ka dubi alherin nan da kyau. Mai yiwuwa ne ka tarar da shatin hannunsa a jiki. Allah ya ba mu idon gani tun wuta ba ta tashi ba. Amin.